Rakiyar Kawu Arzika

Tun ranar da na buɗe shago bayan dawowata ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wadda ta leƙo, kafin ta kwance ƙullin atamfarta sai ta ce, "Jummai, ya Kabi? Ya mai jiki? Ina kifinmu?" Na ba da labarin nan har maƙogwarona ya bushe. Jiya ma ina tsakar ba da shi na yanka wa wata baiwar Allah hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. To ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in yi aiki. Kifi kam babu, mun cinye a can.

Ga abin da ya kai ni. Kawu Arzika ƙanen Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci kuma manomin shinkafa a Argungu. Hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Babban ɗansa Sahabi, wanda ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa don a riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti. An yi ta kai shi, an yi ta kai shi, sai ga wayar Sahabi: gashin nan ba ya ci, ƙafa ta ƙi, Baba ma ya daina yi wa kowa magana, don haka sun yi shawara su daina wahalar da shi a bar wa Allah. Umma ta ajiye wayar ta dube ni. Gwiwoyinta ba za su iya doguwar mota ba. Ta ce, "Ki je ki gano mini da idonki. In aka daina, Arzika ya kwanta ke nan, ba zai ƙara tashi ba."

Ta haɗa mini kayan dubiya irin na masu zuciya: kwalbar man shanu, dambun nama, da katan guda na lemon gwangwani. Na shiga ƙaramar bas daga Zariya da sassafe, muka bi ta Funtuwa da Gusau. Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Aliero mai fataucin albasa, ya sha farar riga tas kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muna wuce Talata Mafara rana ta buɗe, mota ta zama tanda. Can sai dattijon ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Ɗiyata, mi ke cikin jikkar ga taki? Ni dai na ji ƙahwata na ƙamshin tuwon biki."

Wayyo Allah! Man shanu ya narke, murfi ya saki, ya bi ledar ya sauka a kan rigar bawan Allah har cikin takalmi. Na rasa inda zan sa kaina. Ina ba shi haƙuri ina goge masa da gefen mayafina, ina ƙara ɓata abin. Shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki. Ya ce, "Bari, bari. Ƙahwar ta daɗe ba ta sha mai ba." Da a motar garinmu ne, wallahi sai an tsaya an yi shari'a. Tun daga nan na ji mutanen yankin sun kwanta mini.

Bayan Jega shingaye suka yi yawa. A wani aka sauke mu, jami'i yana bin buhuna da tsinken ƙarfe yana neman shinkafar waje. Na duba dama shinkafa, na duba hagu shinkafa, kore shar har inda ido ya tsaya. Na ce a raina, wanda zai yi fasa-ƙwaurin shinkafa zuwa nan ai sai a duba lafiyar kansa.

Sahabi ya ɗauke ni a tasha ya kai ni gidansa a unguwar Badariya. Taubashina ne, don haka tun a mota na fara yi masa tsiyar tumbin da ya ajiye. Ya yi murmushi kawai bai rama ba, a nan na san abin ya yi tsanani.

Kawun da na sani mutum ne mai murya, in ya yi dariya a zaure har maƙwabta sai sun tambayi abin da aka ce. Wanda na tarar yana kwance a katifa ƙarƙashin fanka, ya juya wa ƙofa baya, fuska ta kumbura. Na gaishe shi, ya ɗaga ido, ya mayar. Gefen ɗakin katan-katan na lemo ne jere har kusan taga, kamar kanti. Kuma kada wata ta ce ba a kula da shi. Matar Sahabi ce ke ba shi abinci a baki, tuwon shinkafa da miya ta ji dunƙule da soyayyen kifi. Sahabi da kansa yake yi masa alwala, ya sa masa hula, ya gyara masa matashi. Ko ƙuda ba a bari ya kora da hannunsa. Abin ya burge ni ƙwarai. Ni ma na kawo tawa gudummawar, na tsiyaye ɗan man shanun da ya tsira a kan tuwonsa ina jin kaina 'yar halak.

Washegari na ce sai na bi su asibiti, ko da wannan ne zuwa na ƙarshe. Mai yi masa gashin wata doguwar mata ce, Sista Rifkatu, 'yar Filato. Mijinta na sayar da kayan gyaran mota a garin, sun daɗe a can har Kabancinta ya fi na Sahabi kauri. Ta miƙe masa ƙafa, ta lanƙwasa, ta tsayar da shi tsakanin wasu ƙarafa biyu da ake dafawa. Ya yi taku biyu ya zube mata a kujera. Ta auna jininsa ta ɓata fuska. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke baƙuwa ce, bari in tambaye ki. Kullum na tambayi Malam Sahabi yadda ake a gida, sai ya ce ana yin komai. Mi ake yi?"

Ni kuwa bakina ba ya da birki. Na gyara mayafi na shiga yabon ɗan'uwana. Na ce, "Sista, ai irin wannan ɗa sai an tona. Ko cokali ba a bari Kawu ya ɗaga. Lemo sai wanda ya zaɓa. Barci yake sha tun hantsi har la'asar, ba mai tashinsa. Goro ma a baki ake sa masa."

Matar nan ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "To da dare fa?"

Sahabi ya ce a hankali, "Ba ya runtsawa."

"Wa ke hira da shi?"

Muka dubi juna. Ba kowa. Abokansa duk suna Argungu.

Ta ja kujera ta zauna a gabanmu. Ta ce, "Ku saurare ni. Sau biyu a mako nike ganinai, ɗan lokaci kaɗan. Sauran kwanakin naku ne. Abin da na ɗinka a nan, ku kuke warware shi a gida." Ni tela ce, maganar ta shige ni har ƙashi. Ta ce maganin hawan jini yana nan, ba a fasa shi ko na kwana ɗaya, amma ƙwaya ba ta iya kokawa da gishiri da dunƙule da lemo ita kaɗai. A ba shi zogale, rama, wake, kifi dafaffe ko gasasshe. A hana shi dogon barcin rana, goro kuma ya tsaya daga azahar. Duk abin da hannunsa na dama zai iya, a bar shi ya yi, na hagun ma a riƙa sa shi aiki ko da danne abu ne. Sannan ta faɗi wadda ta fi tsaya mini: "Mutumin da ba shi da wurin zuwa, mi zai sa ya tashi? Ku mai da shi cikin mutanenai. Ku riƙa kawo mini shi sau ɗaya a mako."

Muna shirin fita Sahabi ya durƙusa zai sa masa takalmi. Ta riƙe kafaɗarsa. Ya ɗago, ido ya yi ja, ya ce, "Sista, ubana ne. In tsaya ina kallo yana kokawa da takalmi? Mi mutane za su ce?"

Ta ce, "Za su ce. Ka bar su su ce."

Kafin mu tafi ta koya mini yadda zan tsaya ta gefensa na hagu, in riƙe ƙugu, kada in kuskura in ja shanyayyen hannun. A mota muka yi ta yi da Sahabi. Ya ce ni baƙuwa ce, gobe zan tafi in bar shi da bakin jama'a. Na ce ai tumbinsa ya isa ya tare bakin jama'a. Da ƙyar ya yarda a gwada wata guda. In ba a ga canji ba, zai dawo da shi Badariya a rufe maganar gashi.

Hanyar Argungu ba nisa. Mun zo daidai Zauro, fadama ta buɗe, injunan ban ruwa na ta kuka, mutane tsamo-tsamo cikin taɓo. Kawu na gidan gaba, kansa jingine da gilashi. Sai muka ji wata murya ƙasa-ƙasa, harshe na ɗan nauyi: "Wanga ya kashe shinkahwa da ruwa. Kihi yake kiwo?"

Na ƙwalla ihu har Sahabi ya kusa afka wa amalanke. Maganar farko da na ji daga bakinsa ke nan tun zuwana, kuma kushe gonar wani ce. Na ce alhamdu lillahi, Kawuna yana ciki.

Gidan Kawu na cikin tsohuwar unguwar masunta, taru da homa rataye ko'ina, ƙamshin bandar kifi har cikin kayan sawa. Matarsa Inna Ige ta tarbe mu da kuka da dariya lokaci guda. Kafin magariba labari ya zaga, 'yan dubiya suka ɓarke. A wajenmu mai dubiya takan ajiye kwanonta ta gaida mai jiki ta tafi. Matan unguwar Kawu kuwa sai su zauna, ba su tashi sai sun ga ya ɗanɗana abin da suka kawo. Wannan soyayyen kifi, wannan fura ta sha suga, wannan lemo. Na kafa kujera a bakin ƙofa, duk kwanon da ya zo sai na buɗe na duba. Kwana biyu aka sa mini suna Kwastan. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa Inna, "Wagga Bazazzagiya, yunwa ta zo ta kashe muku shi da ita?" Na ji zafin maganar, na shiga bayan ɗaki na share hawaye, na dawo na zauna a kujerata.

Da Inna Ige ma an sha daga. In na juya baya sai ta ɗan barbaɗa gishiri, wai miya ba gishiri ai wanka ce. Daga baya muka shirya: daddawa, citta, tafarnuwa, albasa mai yawa, gishiri ɗan taɓawa. Muka kuma ce tukunya ɗaya za a yi wa kowa, kada ya ga an ware shi. Mako na farko yaran gida kamar su cinye ni ɗanya. Ni kaina na yi kewar dunƙule, ba zan yi ƙarya ba.

Abubuwa suka fara gyaruwa. Kumburin fuska ya saɓe. Ya koma barcin dare. Yana cin tuwo da hannunsa, yana sa hularsa a karkace ba mai gyara masa. Sista Rifkatu ta auna jini ta yi murmushi. Amma tafiya fa, ina! In na miƙa masa sanda sai ya ce, "In tahi ina?" Sista ta ce ƙafar ba za ta koyi tafiya a kwance ba. Watan da Sahabi ya ba mu na ta gudu, saura 'yan kwanaki. Umma na bugo waya kullum, ni kuma ina ce mata da sauƙi.

Ran wata Asabar, Sahabi ya zo duba mu, sai ga wani tsoho a bayan babur daga Augie da ƙullin albasa. Baba Nomau ke nan, abokin Kawu tun suna yara. Ya shiga ɗaki ya zauna, ba sannu ba ya jiki, ya fara: wai ya ji labarin Arzika ya zama amarya, ana kawo masa abinci har ɗaka. Kawu ya ce aƙalla shi ba ya warin albasa. Suka yi ta yi har aka kira la'asar. Baba Nomau ya miƙe ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Arzika, tun muna samari nike zuwa gidan ga, ban taɓa hita ba rakiya ba. Yau ni za a sallama daga bisa katihwa, kamar wanda ya zo karɓar kuɗin wuta?"

Inna Ige ta ce, "Haba Malam, ba ka ganin halin da shike ciki?"

"Na gani. Ƙahwa guda ta yi yaji, gudar hwa? Ni dai ba ni tahiya."

Ashe a unguwar nan kaf an san Kawu da abu ɗaya: ko yaro ne ya kawo masa saƙo, sai ya taka masa. Kawu ya dube ni. Ya ce, "Jummai. Sanda."

Jama'a! Na ba shi sanda, na tsaya ta hagunsa na riƙe ƙugu yadda aka koya mini. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa. Sahabi ya zaburo zai sungume shi, na miƙa hannu ɗaya na damƙi rigarsa na ce, "Wallahi ka taɓa shi sai na cije ka." A karo na uku ya miƙe. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu tana shara ƙasa. Baba Nomau na gaba yana tafiya a hankali, bai ko waiwayo ba, yana ta surutun farashin albasa kamar ba abin da ke faruwa. Muka wuce bakin ƙofa. Muka shiga tsakar gida. Daidai wurin turmi gwiwa ta saki, na zaunar da shi a kai, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Ya ja numfashi ya ce, "To, ka gai da gida."

Inna Ige ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ni ina tsalle ina tafi kamar yarinya. Sahabi ya juya ya fita zaure, ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo idonsa jawur. Na bi Baba Nomau waje na ce, "Baba, wa ya koya maka wannan dabara?" Ya ce, "Wace dabara? Ni haushi na ji."

Na buga wa Sista Rifkatu waya ina haki. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Kun samu! Duk wanda ya zo, a raka shi. Amma ban da tsakar rana, kuma in ya ji jiri ko ya gaji a tsaya nan take." Daga ranar Kwastan ta canza doka: ba ma son kwano, mai dubiya ya zo hannu sake, ladansa rakiya. Ke ki ga ikon Allah, sai abin ya zama gasa. Wannan ta ce ita har bakin rijiya ya kai ta, wancan ya ce shi har zaure. Tsohuwar da ta ce na zo kashe shi da yunwa sau biyu take zuwa a yini don a raka ta.

Da ya kai zaure, sai ya ga majalisar masunta a gindin bishiya suna gyaran taru. Aka sa masa kujera. Yana danne tarun da hannun hagu, yana ɗinki da na dama. Na leƙa na ce ɗinkin nan da a shagona ne sai an biya mai kaya. Ya ce in je in ɗinka wa kifi riga in gani.

Ba a rasa tangarɗa ba. Wata safiya santsin bakin rariya ya kwashe shi, ya ƙuje gwiwa. Na tsorata ƙwarai, muka kai shi Sista ta duba ta ce ba karaya, amma ta yi mini faɗa sosai kan barin hanya da ruwa. Muka zuba yashi muka gyara wurin. Sahabi ya iso a fusace, ya ce abin da yake gudu ke nan, yau zai mai da shi Badariya. Ban ma buɗe baki ba, Kawu ya ce, "Sahabi, sanda kake koyon tahiya sau nawa ka hwaɗi? Goya ka na yi?" Sahabi ya sunkuyar da kai. Maganar rufe gashi ba ta sake tasowa ba.

Kada in yi muku ƙarin gishiri, tunda ni ce mai hana shi. Hannun hagu har yanzu bai damƙa sosai. Ƙafar tana ja. Kwale-kwale da gona sai nan gaba, in Allah ya so, kuma Sista ta ce aiki na nan da yawa.

Ranar da zan taho na shiga yi masa sallama, na tarar ya sa hula, ya sa takalmi da kansa, sanda a hannu. Na ce, "Kawu, bakin titi da nisa." Ya ce, "Ɗiyar Yaya ta zo tun daga Zariya, in tsaya a zaure?" Muka fito. Muna tafe muna tsayawa, ya huta a dakalin wannan, ya gaisa da wancan, masu shaguna na fitowa suna kiran sunansa. Sahabi na biye da mu a baya, ya harɗe hannayensa biyu ta baya ya riƙe gam, don kada su kuɓuce masa su kai ga ubansa.

Mota ta cika, direba na ta oda. Na durƙusa na ce Kawu ya yafe mini tsiyar da na yi masa. Ya dafa kaina da hannun hagu, mai ciwon, ya ɗan daɗe kafin hannun ya kai. Ya ce, "Ki hwaɗa ma Yaya abin da kika gani. Kada ki ƙara komi."

Mota ta tashi. Na juya ina leƙe ta gilashin baya. Ya riga ya juya ya kama hanyar gida, sanda gaba, ƙafa na biye, ba wanda ke riƙe da shi. Kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, har da shessheƙa. Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Sannu baiwar Allah. Allah shi jiƙan rai. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, Hajiya. Juya ki gani. Kawuna ne can ke tafiya."